Kwalin tramol daga shingen hanya zuwa gaban alƙali

Kusan kowace Lahadi hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, kan fitar da sanarwar kamen da ta yi a mako. Za a ga mutum riƙe da allo mai ɗauke da sunansa, katan-katan jibge a gabansa, sai lissafin kilo da adadin ƙwayoyi. Jama'a su yi ta sa albarka, wasu su ce a harbe su kawai a huta. Amma ranar kamen ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana gaba, lokacin da za a tabbatar wa alƙali, bayan wata takwas ko shekara biyu, cewa kayan da ke gabansa su ne dai aka sauke daga waccan mota a wancan dare, kuma wanda ke tsaye a akwatin kotu ya san abin da ya ɗauko. Sai kuma babbar tambaya, wadda sau da yawa ba ta samun amsa: kayan wane ne?

An kafa hukumar da doka mai lamba 48 ta 1989, kuma tun Janairun 2021 Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ke jagorantarta. Girman kasuwar da take fama da ita ya bayyana a rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. An ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a cikin shekara guda, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe ciwo irin su tramol. Shi ya sa a Arewa maganar fataucin ƙwaya a kan iyaka ta fi karkata ga tramol da danginsa fiye da hodar ibilis.

Likita kan rubuta tramol mai miligiram 50 ko 100, kuma babba ba ya wuce 400 a yini. Wanda ake fataucinsa mai 120 ne, ko 200, ko 225, ko 250. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haura iyakar yini guda, shi ya sa ake ganin matashi ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Yawancinsa daga Indiya yake fitowa, kuma da yake ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka ƙayyade, an daɗe ana loda shi a kwantena kamar kowane kaya. A Afrilun 2018 Indiya ta sa shi ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. A Nuwambar shekarar aka kama sama da ƙwaya rabin biliyan a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Farashi ya tashi, 'yan kasuwar kuma suka canja salo. Aka fara ganin kati mai lamba 225 kamar na da, amma abin da ke ciki haɗin tapentadol ne da carisoprodol, irin su Tafrodol. Sai a Fabrairun 2025, bayan wani rahoton bincike na BBC, Indiya ta haramta wannan haɗin. A riƙe wannan, domin zai dawo a kotu.

Hanyar kayan ba ɗaya ba ce. Akwai wanda ke sauka a Legas ko Onne ya hau titi zuwa Arewa ta Okene da Lokoja ko ta Jebba da Mokwa. Akwai kuma wanda ake saukewa a Kwatano ko Lome da takardar cewa Nijar za shi. Kwastam na ƙasar da ke bakin teku ba su da wani haraji mai tsoka da za su karɓa a kan kayan wucewa, don haka ba su cika matsawa sai sun buɗe ba. In ya isa Gaya ko Ƙonni ko Maraɗi a Nijar sai a fasa shi ƙanana-ƙanana, wani ya yi arewa ta Agadas zuwa Libiya, wani ya gangaro Najeriya ta Illela, Jibiya, Kwangwalam ko Maigatari. Iyakar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma kowace ƙofa ta hukuma tana da ɓarayin hanyoyi a gefenta, waɗanda shinkafa da gwanjo da fetur suka riga suka share. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Abin da rufewar ta fi yi shi ne ƙara wa 'yan babur kuɗin dako.

A tashar ruwa jami'in NDLEA ba ya fasa kwantena shi kaɗai. Kayan suna hannun kwastam, izinin shigo da magani kuma na NAFDAC ne, saboda haka binciken haɗin gwiwa ake yi a gaban wakilin mai kaya. Kwantenonin da ke shigowa sun fi ƙarfin a buɗe su duka, sai dai a zaɓa, kuma zaɓin daga takarda yake farawa. Kamfani sabo fil da bai taɓa shigo da ko allura ba ya yi odar kwantena mai ƙafa 40. Adireshin da aka rubuta in an je sai a tarar da kango. Nauyin da ke takardar jirgi bai yi daidai da irin kayan da aka ambata ba. An canja sunan mai karɓa jirgi yana tsakiyar teku. Kowanne daga ciki shi kaɗai ba laifi ba ne, amma in biyu ko uku suka haɗu, ko wata ƙasa ta turo bayani, sai a sa wa kwantenar ido. Masu kayan ma suna da kunne a tashar. Da sun ji ƙishin-ƙishin sai su yi watsi da ita, ta zauna wata da watanni ba mai zuwa, a ƙarshe a buɗe a sami kaya maƙil babu wanda za a tuhuma.

Yanzu a ɗauka an tare mota a shinge, an sauke katan 40.

Ƙa'ida ta farko ita ce kada kayan su ɓace wa wanda ake zargi da gani. In za a tafi ofis, tare za a tafi. A can jami'in ajiyar kayan shaida ne ke karɓa, kuma duk abin da zai yi a gaban mutumin zai yi shi, da shaida a tsaye. Zai fara da gwajin nan-take, wato ɗiga sinadari a kan ɗan ƙanƙanin abu a ga launin da zai bayar. Hodar ibilis kan koma shuɗiya a gwajin da ake kira Scott. Heroyin kan ba da launin shunayya a gwajin Marquis, dangin amfetamin kuma ruwan lemo mai komawa ƙasa-ƙasa. Wannan gwaji nuni ne kawai, domin akwai magungunan halal da ke ba da launi iri ɗaya, har da wasu na kashe zafi da likitan haƙori ke amfani da su. Daga nan sai awo da ƙirga. Kati yakan zo da ƙwaya 10, fakiti da kati 10, amma ba a dogara da abin da aka buga a jikin katan, sai an buɗe an lissafa. Ana cike takardu uku da duk lauyan da ya saba shari'ar ƙwaya ya san su: shaidar gwajin farko, takardar ƙunshe kaya, da takardar neman binciken kimiyya. Wanda ake zargi ya sa hannu ko ya dangwala a kowacce. Sai a ɗebi samfur a zuba a leda mai haske, a like bakinta da zafi, a sa hannu a kan likin, a rufe sauran kayan da hatimi, a ba su lamba a rajista.

Ɗibar samfur tana da nata lissafin, kuma a nan gaggawa ke yin ɓarna. Shawarar da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayar ita ce in ƙunshin bai kai 10 ba a gwada duka, daga 10 zuwa 100 a zaɓi 10 ba tare da tsari ba, in ya haura 100 a ɗauki adadin da in aka ninka shi da kansa zai ba da jimlar, wato ƙunshi 400 a taɓa 20. In katan 40 ɗin nan iri uku ne, da suna daban da lambar sarrafawa daban, kowane iri samfurinsa daban. Jami'in da ya gaji ya ɓalli kati ɗaya daga katan na sama ya tura, abin da ya tabbatar wa kotu shi ne abin da ke cikin wannan katan ɗin kawai. Sauran 39 lauyan wanda ake tuhuma zai ce wa ya sani ko farasitamol ne.

Shekara da shekaru ɗakin gwaje-gwaje ɗaya hukumar ke da shi, a Legas, sai a 2025 ta sanar da ƙarin biyu a Abuja da Enugu. Samfurin da aka ɗiba a Sakkwato ko Maiduguri jami'i ne zai ɗauke shi hannu da hannu, ya sa hannu ya karɓa, ya sa hannu ya miƙa, sakamako ya dawo ta wannan hanya. Duk hannun da ledar ta bi dole a iya kiran mai shi ya ba da shaida. In an yi wa ɗaya canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, sai shari'a ta yi ta ɗaguwa. In lambar da ke jikin ambulan ta saɓa da ta rajista ko da da harafi ɗaya ne, an buɗe ƙofar kokwanto, kuma a shari'ar laifi kokwanto ribar wanda ake tuhuma ne.

Nauyi ma yana kawo rigima. Ƙwaya miliyan ɗaya ta 225 tana ɗauke da kilo 225 na ainihin maganin, amma in aka ɗora ta a sikeli da katinta da kwalinta za ta haura haka nesa. Dole takarda ta fayyace wane awo aka yi, da kwali ko ba kwali. Wiwi kuma ɗanye ake kama shi wani lokaci, ya bushe a ɗakin ajiya, ranar da aka kawo shi kotu a tarar ya ragu. In ba a rubuta yanayinsa tun farko ba, sai a ce jami'ai sun ɗiba. Wani lokacin ma, gaskiya, an ɗiba ɗin, shi ya sa ɗakin ajiya ke buƙatar makulli fiye da ɗaya da mai duba rajista daga waje.

Ga kuma batun sunan abin. Sashe na 11 na dokar hukumar ya ambaci hodar ibilis da LSD da heroyin, sai ya ce da sauran masu kama da su. Ba a kira tramol da suna ba. Don haka takardar tuhuma kan ce maganin maye mai kama da waɗancan, kuma sai an kawo masani ya yi wa kotu bayanin kamannin. In an yi gaggawar rubuta tramol saboda an ga 225 a jikin kati, sakamako ya dawo ya ce tapentadol ne, sai an gyara tuhuma an sake karanta wa mutum, wata uku sun tafi.

Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron waɗannan shari'u. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun, in ana buƙatar ƙarin lokaci a nemi umarnin tsarewa, wanda dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade kwana 14 a karon farko. Dokar ta kuma tanadi a ɗauki bayanin amsa laifi a bidiyo ko a gaban lauya. Inda aka yi sakaci da wannan, ranar shari'a mutum zai ce dukansa aka yi, ko ya ce da Hausa ya yi magana aka rubuta da Turanci ba a karanta masa ba. Sai a tsayar da komai a yi shari'a cikin shari'a, a nemo tafintan da ya fassara, in har an rubuta sunansa.

Sai maganar sani. Doka tana hukunta wanda ya mallaki abin da saninsa, kuma a nan ne direbobin haya ke shiga tsaka mai wuya. Al'adar tashoshinmu ita ce a kawo kwali a naɗe da salatif, a rubuta lambar waya a jiki, a biya ɗan kamasho, a ce in an isa a kira. Ba suna, ba katin shaida, ba a buɗe ba. In aka tare motar, direba da yaronsa ne a hannu. Mai gabatar da ƙara zai nemi alamun sani: kuɗin dakon da ya ninka na kullum, kayan da aka cusa a ma'ajiyar da aka ƙera musamman a jikin mota, kiran waya da yawa tsakanin direba da mai aikowa, yunƙurin gudu ko miƙa cin hanci. Direban kirki kuwa abin da zai cece shi ɗan littafi ne. Ya sa a buɗe saƙo a gabansa, ya rubuta sunan mai aikowa da lambarsa, ya ɗauki hoton katinsa da na kayan, ya karɓi rasit daga ofishin tasha. Wanda ya ƙi a buɗe kayansa, ya nemi wata motar.

Irin wannan ne ya faru a filin jirgin sama na Kano a ƙarshen 2018, lokacin da aka kama wata ɗaliba a Saudiyya saboda jaka mai ɗauke da tramol da aka liƙa wa lambar kaya da sunanta ba da saninta ba. Binciken NDLEA ya kai ga wasu masu aiki a filin jirgin, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. A ƙasar da hukuncin fataucin ƙwaya kisa ne, abin da ke raba mutum da takobi yana iya zama 'yar takardar nan da ake manna wa a bayan tikiti. Mai tafiya Umara ko Hajji ya ƙirga jakunkunansa, ya duba adadi da nauyin da aka buga a takardar, ya ɗauki hotonta, kada kuma ya bar fasfonsa a hannun wani ya yi masa awon kaya yana zaune a gefe.

Hanyar da ake bi a wuce direba a kai ga mai karɓa ita ce a bar saƙon ya ci gaba da tafiya ana biye da shi, dabarar da sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi ya amince da ita. A takarda abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa sa'o'i kaɗan ake da su. An tare mota a hanyar Lokoja da tsakar dare, mai kaya ya san lokacin da ya kamata ta shiga Kano, kuma yana kiran direba lokaci-lokaci. Wayar ta mutu, ko motar ta makara fiye da kima, ko wani fasinja ya ɗora hoto a Facebook, shi ke nan an cire layi an jefar. In ma komai ya tafi daidai, wanda zai zo karɓa sau da yawa ɗan adaidaita ne da aka ba kuɗin mai aka ce ya ɗauko kwali. An samu ɗan aike na biyu ke nan. Mataki na uku sai da haƙuri: bayanan kiran waya, asusun da aka turo kuɗin dako daga ciki, mai shagon da aka yi wa rajistar layin. Kamen Ikorodu na Satumbar 2022, inda aka sami kilo 1,855 na hodar ibilis a wani gidan ajiya, ya fito ne daga dogon bibiya tare da hukumar yaƙi da ƙwaya ta Amurka, kuma an kama manya a ciki. A ganina irin wannan ɗaya ya fi kamen shinge hamsin, sai dai ba ya samuwa kowane mako, kuma hukumar da ake auna ƙoƙarinta da kilo dole ta fi son abin da za ta nuna da wuri.

Hukuncin da ke takarda mai tsanani ne: ɗaurin rai-da-rai ga mai shigowa da kaya ko fitar da su ko sayarwa, shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da su. A Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta kai ga amincewa da hukuncin kisa, amma bai zama doka ba. A zahiri da yawa suna amsa laifi a yanke musu 'yan shekaru, wani lokaci da zaɓin tara, abin da shugabannin hukumar suka daɗe suna kuka da shi. Tarar da za ta gagari yaron mota, ga dila kuɗin katan ɗaya ce. Abin da ke yi wa dila ciwo shi ne dukiya. Dokar ƙwato dukiyar haram ta 2022 ta ba da damar a nemi kotu ta riƙe gida ko asusu, a buga sanarwa, mai iƙirarin nasa ne ya zo ya nuna inda ya samu. In ba a bi kuɗin ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Matsalar ita ce cinikin kan iyaka da tsabar kuɗi ake yinsa, naira da sefa, ta hannun 'yan canji da amana, ba ya barin sawu a banki.

Ikon jami'in NDLEA yana ƙarewa ne a kan iyaka. Ba zai bi mota ya shiga Ƙonni ba, ko da yana hango ta. A can aikin na OCRTIS ne, ofishin 'yan sandan Nijar mai yaƙi da fataucin ƙwaya, kuma su ma suna da nasu manyan kamen: tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai a Maris na 2021, wanda ya taso daga Lebanon ta tashar Lome, da kilo 214 na hodar ibilis a motar magajin garin Fachi a Janairun 2022. Samun bayani daga can ba shi da wuya, jami'an ɓangarorin biyu Hausa suke ji, suna da lambobin juna. Amma abin da aka faɗa a waya ba ya zama shaida a kotu. Kafin takardar banki ko bayanan layin waya na Nijar su shiga fayil a Katsina, sai an rubuta buƙata ta ofishin Ministan Shari'a a Abuja, a fassara ta zuwa Faransanci, ta bi ta ma'aikatar shari'a a Yamai, ta isa hannun alƙalin bincike, wanda tsarin aikinsa ya bambanta da namu. Yarjejeniyoyin ECOWAS na 1992 da 1994 kan taimakon juna a shari'a da miƙa masu laifi su ne suka sauƙaƙa wannan a da, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Saura hanyoyi irin su yarjejeniyar 1988 da Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa. Kafin amsa ta dawo, wa'adin tsarewa ya cika, lauyan hukuma ya shigar da ƙara da sunayen da ke hannunsa, wato direba da yaron mota.